Ba Kowace Karta Ce Caca Ba

A watan Fabrairun 2016, jami'an tsaro a garin Fataya na ƙasar Tailan suka kai samame wani ɗaki, suka kama mutum 32, akasarinsu dattawan Turawa da suka yi ritaya. Tsegumin da aka kai musu shi ne ana caca a wurin. Da aka duba, ba a ga ko anini a kan tebur ba, sai karta da takardun rubuta maki. Duk da haka sai da dattawan nan suka shafe sa'o'i a tsare, aka kuma kafa musu hujja da wata tsohuwar doka ta 1943 wadda ta hana mallakar kati fiye da 120 ba da izinin hukuma ba. Wasan da aka tarar suna yi shi ake kira birij.

Jaridun duniya sun sha dariya. Amma mu kada mu yi saurin darawa, domin da a zangonmu abin ya faru, da yawancinmu bayan jami'an za mu bi. A wurin Bahaushe, ko a Kumasi yake ko a Garwa ko a Injamena, karta da caca Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Da an ce wane ɗan karta ne, an gama bayani: ba a ba shi ajiya, ba a kuma ba shi aure da daɗin rai. Wannan ƙyama kuwa tana da tushe. Iyayenmu sun ga waɗanda suka baro gida neman arziki, suka tara jari da gumin goshi, karta ta cinye shi a dare ɗaya, kunya ta hana su komawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A kan caca, ina tare da iyayenmu ɗari bisa ɗari. Inda nake ganin mun yi asara shi ne da muka daɗe muna gudun tsumma, har macijin ya sauya rami ba mu lura ba. Caca ta bar gindin bishiya, ta shige cikin wayar matasanmu da sunan hasashen ƙwallo, ba ta kuma bukatar kati ko ɗaya. A gefe guda kuma akwai wasan karta wanda duk karatunsa gaba yake yi da tunanin ɗan caca. Shi nake so mu duba yau, ta hanyar matsaloli uku irin waɗanda masu birij ke warwarewa, mai karatu ya yi hukunci da kansa.

Mutum huɗu ke buga birij, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Ana kiransu da sunayen kusurwoyi: Kudu da Arewa ɓangare ɗaya, Gabas da Yamma ɓangare ɗaya. Kati 52 ne, kowa ya sami 13. Dangin kati huɗu ne, za mu kira su da siffarsu: Mashi, Zuciya, Lu'ulu'u da Ganye. A kowane dangi As ne babba, sai Sarki, sai Sarauniya, sai Bafade, sai goma har zuwa biyu. A kowane zagaye kowa zai ajiye kati ɗaya, kuma dole ya bi dangin da aka fara da shi muddin yana da shi. Wanda ya ajiye mafi girma a dangin shi ya ci zagayen, shi ne kuma zai buɗe na gaba. Wani lokaci akan zaɓi dangi ɗaya ya zama mai yanka sauran, amma misalanmu duka na wasan da babu mai yanka ne. Wanda ya taɓa buga bilot a ƙasashen rainon Faransa, ko sipa a Gana, ko wist a Sudan, ya riga ya san wannan ƙashin bayan. Birij ɗin ma jikan wist ɗin Ingila ne, kuma tsarin makinsa na yau wani attajirin Amurka mai suna Harold Vanderbilt ne ya daidaita shi a 1925, yana cikin tafiya a jirgin ruwa.

Abubuwa biyu suka raba birij da 'yan uwansa. Na farko, kafin a ajiye kati ana yin tayi kamar a kasuwa, har ɓangare ɗaya ya ɗauki alkawarin cin zagaye kaza daga cikin 13. In ya cika ya sami maki, in ya gaza ko da ɗaya ne makin ya koma wa abokan hamayya. Na biyu, da zarar an ajiye katin farko, abokin mai alkawari zai shimfiɗa katinsa duka a fili kowa ya gani, ya naɗe hannu, ya bar mai alkawari ya sarrafa hannu biyu. Yana ganin kati 26 nasa da na abokinsa, sauran kuwa suna hannun mutum biyu da ba za su nuna masa ba. A dara komai a fili yake, duk ƙwayar da ke cikin rami kowa na kallonta. A birij rabin gaskiya kawai kake gani, dole kuma ka yanke shawara. Falken da ya loda albasa ko goro bai san farashin da zai tarar a can ba, ya fi kama da mai birij fiye da mai dara.

Ga matsala ta farko. Kudu ya yi alkawarin cin zagaye tara, wato huɗu kawai zai iya bari. A Mashi yana da As da ƙanana biyu, abokinsa yana da ƙanana biyu. A Zuciya suna da As da Sarki, a Ganye ma As da Sarki. A Lu'ulu'u abokinsa yana da Sarki, Sarauniya, Bafade, goma da biyar, shi kuma yana da ƙanana uku. As ɗin Lu'ulu'u yana hannun abokan hamayya. Yamma ya buɗe da Sarkin Mashi.

Sabon shiga, da ya ga Sarki, sai hannunsa ya kai ga As. Gwani kuwa ba ya taɓa kati sai ya ƙirga, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tabbatattun zagayensa biyar ne: ɗaya a Mashi, biyu a Zuciya, biyu a Ganye. Sauran huɗun a Lu'ulu'u suke, amma ba za su samu ba sai an fitar da As ɗin da ke waje, wato dole ya miƙa ragamar wasa ga abokan hamayya sau ɗaya. To, me za su yi da ita? Mashi 13 ne, biyar na ɓangarensa, takwas nasu. In Yamma na da biyar Gabas na da uku, Kudu kuma ya kashe As ɗinsa tun a zagayen farko, duk wanda ya ci da As ɗin Lu'ulu'u zai koma Mashi, su kwashe huɗu a jere. Huɗu da ɗaya biyar, alkawari ya rushe.

Mafita ita ce ya ƙi ci. Ya bar musu zagayen farko, ya bar musu na biyu, sai a na uku ya sauke As. A lokacin nan Mashin Gabas ya ƙare. In As ɗin Lu'ulu'u a hannun Gabas yake, zai ci zagayensa, ya duba hannunsa ya rasa Mashin da zai miƙa wa ɗan uwansa, Yamma kuma ya zauna da manyan kati biyu da ba su da hanyar fita. In kuma Mashin ya rabu huɗu da huɗu, uku kawai za su ci a cikinsa, da na Lu'ulu'u huɗu, Kudu ya cika tara. Kati bai sauya ba, lokacin ajiye shi ne ya sauya. Ɗan caca yana ganin duk abin da za a iya ci yanzu, a ci shi yanzu. Mai birij ya san cewa babban kati makami ne mai harbi ɗaya, kuma ranar da aka harba shi ta fi girmansa muhimmanci.

Mai lura zai ce: in Yamma ne ke riƙe da Mashi biyar ɗin da As ɗin Lu'ulu'u gaba ɗaya fa? Gaskiya ne, a nan Kudu zai faɗi ko da me ya yi. Kuma babu gwanin da zai zarge shi. A teburin birij ana auna mutum ne da ingancin shawararsa a kan abin da ya sani lokacin da ya yanke ta. Wanda ya yi daidai ya faɗi, an san ya yi daidai. Wanda ya yi ganganci ya tsira, abokinsa zai gaya masa cewa sa'a ce ta rufa masa asiri. Wannan tarbiyya ce da ta yi hannun riga da ta caca, inda cin da aka yi jiya bisa kuskure yake zama hujjar sake zubawa yau.

Matsala ta biyu ta shafi kwaɗayi. Abokin Kudu yana da Ganye shida: As, Sarki, Sarauniya da ƙanana uku, ba shi kuma da wani babban kati a sauran dangi da za a bi a koma hannunsa. Kudu yana da Ganye ƙanana biyu. Biyar yake bukata daga wannan dangi don ya cika alkawari. Ganye biyar ne a waje. Masu lissafi sun daɗe da fitar da yadda kati biyar ke rabuwa tsakanin mutum biyu: uku da biyu kusan kashi 68 cikin 100, huɗu da ɗaya kusan kashi 28, biyar da babu kusan kashi 4.

In ya fara daga sama, As, Sarki, Sarauniya, kuma aka yi sa'a rabuwar uku da biyu ce, zai ci shida, har da rarar ɗaya. Amma in huɗu da ɗaya ce, zai ci uku ya tsaya cak, domin katin abokin hamayya na huɗu ya tare hanya, shi kuma nasa Ganyen ya ƙare, babu abin da zai koma da shi. Gwani sai ya ajiye ƙarami daga hannu biyu a zagayen farko, ya ba su kyauta, muddin ya tabbata sauran dangin suna da masu tsaro. Daga baya ya shiga da ƙaramin da ya rage masa, As da Sarki da Sarauniya su share ukun da suka saura, ƙananan biyu su zama sarakai. Biyar ya samu. Ya sayar da rarar da bai yi alkawarinta ba, ya ɗaga rabonsa daga kashi 68 zuwa kusan 96. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sakin kaya da ƙaramar riba don kada ruɓa ta ci uwar kuɗi ya san wannan lissafi, ko da bai taɓa riƙe kati ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata. Birij ya ɗauki karin maganar ya sa mata lamba.

Matsala ta uku ita ce zuciyar maganata. Kudu yana da tabbatattu takwas, yana neman na tara, kuma hanya biyu ce a gabansa. A wani dangi abokinsa yana da As da Sarauniya, Sarki yana waje. In Kudu ya buɗe da ƙarami, Yamma ya bi da ƙarami, sai ya gwada Sarauniya: in Sarki na hannun Yamma ta ci, in yana hannun Gabas ta faɗi. Rabi da rabi ke nan. A wani dangin kuma suna da kati takwas, biyar a hannu ɗaya da As da Sarki da Sarauniya a kansu, biyar a waje. In sun rabu uku da biyu, ƙananan za su ci. Wannan kashi 68 ne. Mai ɗan sani zai zaɓi ta biyu. Gwani ba zai zaɓa ba, zai jera su. Zai fara da manyan ukun nan, domin gwada su ba ya fitar da ragama daga hannunsa. In rabuwar ta yi kyau, shi ke nan. In ba ta yi ba, har yanzu yana da gwajin Sarauniya a ajiye. Rabin kashi 32 ɗin da ya saura 16 ne, a haɗa da 68, ya zama kusan 84. Da ya fara da Sarauniya ta faɗi, mai yiwuwa abokan hamayya su kwashe nasu kafin ya kai ga hanya ta biyu.

Yanzu a ɗora wannan kusa da takardar da matashi ke cikewa a shagon caca ko a wayarsa. Mai birij yana shirya al'amarinsa yadda zai tsira in wannan ta yi ko waccan ta yi, kowace ƙofa da ya ƙara tana ƙara masa rabo. Mai haɗa wasanni goma a takarda ɗaya yana shirya nasa yadda ba zai ci ba sai wannan ta yi, da waccan, da waccan, har goma, kowane wasa da ya ƙara yana rage masa rabo. In kowane wasa rabi da rabi ne, damar cin goman ɗaya ce cikin 1,024. Ko da a ce gwanin ƙwallo ne da ke cankar bakwai cikin kowane goma, damar ya canki goma a jere ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Wannan ne sirrin kukan da muke ji kullum a majalisa, cewa wasa ɗaya ne ya ɓata takarda. Ai dama haka aka gina ta. Kamfanin ya san lissafin, yaron ne bai sani ba. Wa'azi yana gaya masa haramun ne, kuma gaskiya ne. Amma yaron da ya ƙirga da hannunsa ya ga yadda rabo ke narkewa, ya sami kariya ta biyu, domin ya gane cewa ban da zunubi har da wauta.

Akwai kuma yadda masu birij suka yi da sa'a kanta. A gasa ba a sake raba kati a kowane tebur. Hannun da aka raba ana saka shi cikin wani allo mai aljihu huɗu, a buga, kowa ya mayar da katinsa aljihunsa, a miƙa allon ga tebur na gaba. Ta haka mutane da yawa za su buga kati iri ɗaya, a kuma auna kowa da waɗanda suka riƙe abin da ya riƙe. Mai mummunan kati zai iya zama na ɗaya in ya rage asara fiye da takwarorinsa. Ɗan caca sa'a yake nema, waɗannan kuwa sun ƙirƙiro tsari don su kore ta daga ɗaki. Shi ya sa aka kafa hukumar birij ta duniya a 1958, kwamitin wasannin Olamfik ya amince da ita, aka kuma buga wasan a gasar ƙasashen Asiya a Jakarta a 2018. Ɗan wasan fim ɗin Masar, Umar Sharif, ya shahara a teburin birij har ya wakilci ƙasarsa a gasar duniya.

Na san akwai masu ja, kuma jansu na da nauyi. Wani zai ce birij ɗin ma ana buga shi da kuɗi. Haka ne, akwai masu yi, kuma da zarar kuɗi ya hau tebur ya zama caca, sunansa na Turanci ba zai wanke shi ba. Amma ana zuba kuɗi a kan dambe da kokawa da ƙwallo, ba mu ce a rufe fili ba. Wani zai ce ko babu kuɗi, karta na cin lokaci, tana sa a manta da salla da sana'a. Wannan ma gaskiya ne, kuma hukuncin wasan karta da babu kuɗi a cikinsa magana ce ta malamai, sun kuma yi bayanai mabambanta a kai. Kowa ya tambayi malaminsa, ni ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da zan ce kawai shi ne matsalolin nan uku da muka warware ba su bukaci tebur ko abokin wasa ba. Da alƙalami da takarda muka yi su, kamar kowane darasin lissafi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da riƙe kati ba, zai iya ɗaukar lissafin ya bar katin.

Wani kuma zai ce wasan attajiran Turawa ne, ina ruwan ɗan zango da shi? Ƙwallon ƙafa ma baƙuwa ce, yau ga ta a kowane lungu, har ita ce ƙofar da caca ta shigo mana ta ciki. In za mu karɓi baƙo, gara mu karɓi wanda zai koya mana ƙirga. Kuma akwai wata ƙa'ida a birij da ta dace da mutanen da amana ce jarinsu a ƙasar da suke 'yan tsiraru: ba a yarda abokai biyu su yi yarjejeniyar ɓoye ba. Duk ma'anar da tayinku ke ɗauke da ita, abokin hamayya na da haƙƙin ya tambaya, dole kuma a gaya masa gaskiya. Ƙifta ido ko tari na ishara maguɗi ne, har ma a manyan gasa akan gitta allo a tsakiyar tebur don kada abokai su ga fuskar juna. An sha kama masu ha'inci, kamar kowace harka ta 'yan Adam, amma wasan da dokarsa ta ce ka yi nasara a kan mutum bayan ka gaya masa ma'anar maganarka, ba wasan 'yan damfara ba ne.

Ba ina kira a buɗe gidajen karta a zango ba ne. Kirana ga malaman makarantunmu ne, da shugabannin ƙungiyoyin matasa, da iyayen da ke ganin kuɗin cefane na zurarewa ta waya. Yaran nan da ke iya haddace sunayen 'yan wasan ƙungiyoyi ashirin da tarihin ƙwallayensu ba daƙiƙai ba ne. Ƙwaƙwalwa ce mai yunwa da aka bar wa kamfanonin caca su ciyar. A zaunar da su, a ba su matsala irin ta Kudu, a bar su su yi gardama a kan ko a ci zagayen farko ko a bari. A sa su ninka rabi sau goma da hannunsu, su ga abin da ya rage. Wanda ya saba tambayar kansa nawa ne tabbatattuna, me zai faru in rabo ya karkace, wace ƙofa zan bari a buɗe, da wuya mai shago ya sayar masa da mafarki a takarda.

Dabara dai ta rage ga mai shiga rijiya. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba su basirar ƙirgawa kafin su zuba.